Yayana Mai Gishiri a Baki, Ban da Takarda

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, da baƙi suka ɗan ragu, ga waɗanda ke tsakar gidan Yaya a Roni. Akwai matarsa, zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, carbi a hannu. Akwai babban ɗansa da ya zo daga Kaduna, da 'yarsa malamar makaranta, wadda ita ce ke riƙe da alƙalami yanzu, ina faɗa tana rubutawa, don ni ban taɓa zama a aji ba. Akwai ƙanenmu da ya taso daga Babura, kunnensa ɗaya ba ya ji. Akwai limamin unguwa, an shimfiɗa masa buzu a bakin zaure. Kusa da shi tsohon kafinta ne, Kirista, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya fi shekara arba'in katanga ɗaya da Yaya, har 'ya'yan gidan Baba suke ce masa. Sai ni, ƙanwar mamacin mai bi masa, a kan kujerata 'yar tsugunne, inda nake ganin kowa.

Ni dai ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba! Mutum zai shigo fuska a jiƙe, ya durƙusa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Mu amsa. Sai ka ga kafaɗarsa ta fara rawa, ka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce yake dannewa. Wata tsohuwa daga Kanya Babba ta toshe baki da mayafi ta ce, "Ku yafe ni, bayin Allah, kifin nan ne ya faɗo min." Shi ke nan, gida ya ɗauka. Na harare su, na harare su, har idona ya gaji. Ni kaina sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi tawa.

Kifin nan ni na soya shi. Tarwaɗa ce ya kamo a dam ɗin Kazaure yana saurayi, a kasko ɗaya ta shige, har da sauran wuri. Da ya yi aure, a labarinsa ta kai tsawon yaro. Da aka haifi babban ɗansa, mutum biyu ne suka ɗauko ta a sanda. A bara da na ji shi yana ba wa masu gyaran babur labarin, sai da aka nemo amalanke, jakin ma ya durƙusa a hanya sau biyu. Na leƙa na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, ni fa na soya." Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Kun ji ta ko? Ita ce shaidata. Kwana uku tana suya."

Haka yake. Kabewar gonarsa akuya biyu sun taɓa fakewa ruwan sama a cikinta. Kurar da ya kora a duwatsun Roni har yau jikokinta ba sa bi ta unguwarmu. Daddawata kuwa, ya ce in na buɗe tukunya, mutanen Babura sukan ɗora ruwan miya. Kan wannan na yi kwana goma ban gaishe shi ba.

Amma mutumin nan, in ya ɗauki biro, sai ka rantse an sauya shi. Ya yi aikin tafinta da akawu a ofishin gona na Kazaure har ya yi ritaya, bayan nan kuma duk mai son takardar koke ko wasiƙar Turanci zaurensa yake zuwa, kuma bai taɓa karɓar ko goro ba. Manomi zai zo yana haki, "Malam, rubuta musu tsuntsaye sun cinye gonata ƙarƙaf!" Sai ya ajiye biro. "Ƙarƙaf? Tashi mu je in gani." Ya hau keke, tsohon nan, ya je ya ƙirga kunyoyi da ƙafarsa, sannan ya dawo ya rubuta. Mutane suna jin haushi. Suna cewa mai kifin amalanke ne yau zai auna musu magana? Yakan ce, "Gishiri a baki, ban da takarda. Baki iska ke kwashewa. Takarda ba ta san wasa ba."

Bayan rasuwar maigidana na dawo gidan Yaya da zama, kuma ɗakina shi ke jikin zaure. Shekara ashirin ina ɓarar gyaɗa ina jin shi da Baba kafinta suna gardama kan Turanci. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, sai ga kalmomi sun zauna min a kai kamar wuridi. Yaya yakan ce mu Hausawa in mun ce ƙarin gishiri, ko zuzutawa, ko kambamawa, mun jefa su kwando ɗaya, mai ji ne zai tsince. Shi Bature kowace da ɗakinta. Uwarsu duka ita ce igzajaret: abin yana nan, ba ƙirƙira ka yi ba, girma ka ƙara masa, akuya ka mayar maraƙi. Akwai imbelish, wannan ado ne. Ba ka ƙara wa riga tsawo ba, ɗinkin aska ka yi mata a wuya. Kafinta ya ce to ai fenti ke nan a kan kujera. Yaya ya ce, "Fenti, in dai ba ruɓaɓɓen katako kake rufewa ba, kamar bencin da ka yi min." Sai faɗa ya tashi, sai an kira magariba.

Wadda ya fi so ita ce haifaboli. In ya faɗe ta har lumshe ido yake. Ya ce ita ce zuzutawar da mai faɗa ya san ba haka ba ne, mai ji ma ya sani, kuma kowa ya san ɗan'uwansa ya sani. Uwa ta ce wa ɗanta na kira ka sau dubu. Maroƙi ya ce wa mai garin da bai fi gida talatin ba giwa. Wa aka cuta? Kifinsa, in ji shi, a nan yake zaune, halak malak. Ita kuwa infilet hurawa ce, irin yadda mahauci ke hura akuya kafin fiɗa ta kumbura ta yi sul-sul, alhali iska ce. Ya ce ta masu lissafi ce, masu cewa mutum ɗari biyar sun zo taron da tabarma huɗu ta ɗauke.

Ni ma ya samo min tawa. Wata shekara ruwa ya kwana yana zuba har katangar bayan gida ta faɗi, aka tambaye ni, na ce an ɗan samu yayyafi. Ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, ga Hajiya Andasitet!" Wai ita ce kishiyar sauran, mai rage magana. Ya ce kada in ɗauka na tsira, mai rage mudu da mai ƙara masa duk algus suke yi. Sunan ya bi ni. Jikoki da yawa sun ɗauka sunan yanka ne.

Guda ɗaya ce in ya zo kanta ba ya dariya. Obasitet. Ya ce ita ce ka faɗi abu fiye da yadda yake a inda ake auna magana, gaban alƙali, ko a takardar da za a yi hukunci da ita. Da ya ambace ta sai ya sauya zance. Kafinta bai san dalili ba. Ni na sani.

Kafin in zo nan, bari in faɗi alheri ɗaya da gishirinsa ya yi, don kada a ce na taso da tsana. Shekarar da Innarmu ta kwanta ciwon ajali damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Ita kuma ba abin da ke ranta sai gona. Ta tambayi Yaya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, geron bana mai raƙumi in ya shiga ba a ganin rawaninsa. Zangarniya kamar taɓarya. Sai mun ƙara rumbu." Ta san ɗanta. Sai ta juyo da ido wajena, don ta san ni ba na ƙari. Jiya-jiya na dawo daga gonar. Na ce, "Ba laifi, Inna." Ta yi murmushi ta ce, "In ke kika ce ba laifi, to an gode Allah." Da muka fito ya jingina da rumbun da ba kowa a ciki yana hawaye ya ce, "Yau kin yi min rana, ƙanwata."

To, mu koma tsakar gida ranar uku. Babban ɗansa ya zaro takarda daga aljihu, ya ce ya rubuta wa mahaifinsa yabo da Turanci, zai sa a waya duniya ta gani, za a kuma buga a raba ranar arba'in. Na ce a karanta min da Hausa. Ya ce, "Gwaggo, doguwa ce." Na ce ba inda za ni. Ƙanwarsa ta karɓa tana fassarawa.

Wai hasken Roni ya mutu. Kafinta ya ɗaga yatsa ya ce, "Haifaboli. A bar shi, ba a cuci kowa ba." Wai ya rubuta wa dubban mutane takardu. Ni na ce, "An hura akuya. Ɗaruruwa dai." Yaron ya kalle ni baki buɗe, bai san na san zancen ba. Sai 'yar ta zo wani layi ta tsaya, ta cije leɓe. Na ce karanta mana. Ta ce, "Wai... wai tunda yake bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba."

Wayyo Allah! Gidan nan kamar an fasa tulu. Liman ya kifa kai a gwiwa, rawaninsa na girgiza. Kafinta ya zame daga benci. Mai takaba da kanta, baiwar Allah da ta kwana uku ba ta ɗaga ido ba, ta saki carbi tana cewa, "Kabewa! Ku tuna kabewa!" Ƙanenmu mai kunne ɗaya yana ta jan rigar mutane, "Me aka ce? Me aka ce?" Da aka faɗa masa a kunnen kirki, ya yi dariyar da ta fi ta kowa, shi kaɗai, bayan kowa ya gama. Shi ma mai takardar sai da ya dara, ya ce to a goge wannan.

Sai layin ƙarshe. "Alƙalaminsa bai taɓa cutar da ɗan Adam ba."

Kowa ya ce haka ne, wallahi haka ne. Na ce, "Wannan ma a goge."

Yaron ya ce, "Gwaggo, wannan kuma ai kowa shaida ne."

Na ce, "Kowa bai kai ni daɗewa ba. Zauna."

Na ba su labarin da zan ba ku. Yaya yana sabon ɗauka a ofishin gona, Turanci na yi masa zaƙi a baki, sai shanun wani Bafillace da ke zaune a bayan garinmu suka shiga gonar dawar baffanmu. Baffa ya zo yana ihu, "Sun kashe ni! Ko kara ɗaya ba su bar min ba!" Duk wanda ke wurin ya san zafin rai ne. Malamin gonar da aka turo ya duba ɓarnar mutumin Kudu ne, ba ya jin Hausa, rafi kuma ya cika, ya ƙi tsallakawa da takalminsa. Ya ce wa Yaya ya tambaya ya rubuta. Yaya ya rubuta cewa an share gonar gaba ɗaya, da wata ƙatuwar kalma da ya koyo a satin, ya dawo gida yana maimaita mana ita yana jin daɗi. Takarda ta je gaban alƙali. Aka yanke wa Bafillacen biyan gona sukutum. Ya biya da shanu, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Gwiwa.

Ni ce mai kai abinci gonar nan. Kunya shida shanun suka taɓa, a kusurwar gabas. Shida! Na same shi na ce, "Yaya, ka ci amanar biro." Ya ce yarinya ba ta san aikin gwamnati ba. Daminar nan har aka yi girbi ba mu yi magana ba. Ranar da aka ɗaure dawar baffa, dami ya fi na bara yawa, na ga Yaya tsaye yana kallon damman, fuskarsa kamar an watsa masa toka. Daga ranar biro ɗinsa bai sake ɗanɗana gishiri ba. Amma zuwa wajen mutumin, ya kasa. Shekara da shekaru in muka je kasuwar Gwiwa ina lura da shi, ba ya bi ta wajen kara, inda ake sayar da shanu, sai ya zagaya ta bayan masu hatsi ko da rana na dukansa.

Ana saura kwana huɗu ya cika, da hantsi, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Andasitet, zauna. Na ji malamai suna cewa in ana kambama mamaci da abin da ba nasa ba, can ana tambayarsa, haka kake? To ni kifi ba ya ba ni tsoro, Ubangijina ya san wasa nake. Takardar nan ce. Za su ce ban cuci kowa ba, a tambaye ni, me zan ce? Garke guda na raba bawan Allah da shi. Garke guda, na mayar da shi matsiyaci. Yana nan da rai, na bincika. Ki je. Ke ce ba za ki ƙara ba, ba za ki rage ba." Na ce ai kai ka ce ina ragewa. Ya ce, "To yau kada ki rage. In kuma za a rubuta ni, a rubuta har da wannan."

Da na kai nan, babban ɗan ya miƙe, idonsa ja. "Gwaggo, kwanansa uku a ƙasa! Ana rufa wa mamaci asiri. Me ya sa sai a gaban mutane?"

Na ce, "Su wa ye mutane? Wannan limaminsa ne, wancan amininsa. Kai kuma kana shirin aika wa duniya abin da za a tsare ubanka da tambaya a kansa. Kai kake jin daɗin takardar, shi zai amsa ta."

Ya juya wajen liman yana neman mafita. Liman ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ambaton alherin mamaci shi aka hore mu da shi. Amma haƙƙin wani ba a binne shi da gawa. Tunda shi ya yi wasiyya, gwaggonka sauke nauyi take." Kafinta yana share ido da hularsa ya ce, "Shekara arba'in ina tsokanarsa da kalmar nan, ashe miki nake taɓawa."

Yaron ya matso. Sannan ya karɓi biro a hannun ƙanwarsa ya ja layi da kansa. Ya ce, "In mutumin ya ƙi yafewa fa?" Na ce to sai mu san abin da ke kanmu, mu tara mu biya, ko gonar gado ce ta tafi. Ba wanda ya ƙara dariya a ranar.

Washegari ina idar da asuba na ɗaura zane, na yafa mayafi, na tari ɗan acaɓa. Na ce Gwiwa, kuma in ka yi gudu da ni sai na faɗa wa uwarka. Daga Gwiwa muka yi tambaya, aka nuna mana wata 'yar hanya cikin gonaki, muka bi har rugar. Na same shi zaune a gindin kuka, tsoho siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, jikoki mata suna ta kai da kawo da ƙore. Shanu kuwa, masha Allah, na gani da idona, ba zan faɗi adadi ba don ban ƙirga ba.

Muka gaisa. Na faɗi ko ni wace ce, 'yar gidan wa, na ce tafintan nan na ofishin gona yayana ne, Allah ya yi masa rasuwa, yau kwana huɗu. Ya yi salati ya yi masa addu'a. Na ce, "Malam, saƙo ya bar min. Ya ce takardarsa ta cuce ka. Kunya shida shanunka suka ci, ya rubuta gona duka. Ya ce ya raba ka da garke guda, ya mayar da kai matsiyaci, kunya ta hana shi zuwa. Yana roƙon ka yafe masa."

Tsohon ya karkato kunne. "Garke me?"

"Garke guda."

Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, har ta kai shi tari, har wata jikarsa ta kawo ruwa. Ya ce, "Hajiya, saniya biyu ce da maraƙi. Na ji zafinsu, ba zan ɓoye miki ba, ɗaya ta gadon uwata ce, na shekara ina tsine wa mai biron nan. Amma tashin da na yi, kiwo ne ya fi kyau a nan. Garke guda! Ashe mutumin naku ko nadama zai yi sai ya ƙara?"

Na ce, "Haka Allah ya yi shi. Ka yafe?"

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Biyun da maraƙin na yafe, duniya da lahira. Sauran garken da ya ɗora wa kansa shekara hamsin, ban san da su ba, amma in yana so, su ma na yafe."

Na ce ya sake faɗa, da ƙarfi, ɗan acaɓa ya matso ya zama shaida. Ya sake. Na durƙusa a ƙasar rugar nan, da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na fuskanci gabas na ce, "Yaya, biyu ne da maraƙi, kuma an yafe. Ban ƙara ba, ban rage ba. Kwanta ka huta."